Likitan Tiyatar Ƙwaƙwalwa: Wane Yaro Za A Kai Masa?

'Yan'uwa manoma, a Kwanyawa da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo mun sha ganin mai farfaɗiya ya faɗi a gona ko a kasuwa, jama'a su watse don tsoron miyansa. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ya kan biyo bayan doguwar naƙuda, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko buguwa a ka.

Akwai likitocin da ƙwaƙwalwa ce gonarsu, amma ba su da yawa, domin karatun da nisa. Mutum zai yi shekara 6 a jami'a kafin ya zama likita, sa'an nan ya ƙara kamar wasu 6 a ƙarƙashin gwanaye. Na fari a Nijeriya shi ne Dakta Latunde Odeku, wanda ya koyo aikin a Amurka, ya buɗe sashensa a Ibadan a 1962. A Arewa kuwa, Farfesa Bello Bala Shehu ya kafa cibiyar wannan aiki a Sakkwato. Mafi kusa da mu su ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika, kusa da Zariya.

Ba kowane mai farfaɗiya ke bukatar wuƙa ba. Cikin mutum 10, wajen 7 su kan daina faɗuwa in sun sha ƙwayar asibiti kullum ba fashi. Sai in ƙwaya ta kasa, aka ɗauki hoton kai aka ga tabo ko ƙari, a ke maganar tiyata.

Wanda mu ke so ku sa wa ido shi ne jaririn da kansa ke girma fiye da kima, maɗigarsa ta kumbura, idanunsa suna kallon ƙasa. Ruwa ne ya taru, yana danne ƙwaƙwalwa. Sakiya ko ƙaho ba za su kai gare shi ba. Likita ya kan sa siririn bututu daga kai, ya bi ta ƙarƙashin fata har ciki, ruwan ya riƙa sauka. In an yi jinkiri yaro na iya makancewa, abin da ya lalace kuma ba ya komowa.

Mun san abin da ke tsai da iyaye: kuɗin mota da na asibiti, ga shi kaka ba ta yi ba. Kada ku jira sai an sayar da masara. Ku karɓi takardar turawa a asibiti mafi kusa, ku kawo maganar gaban ƙungiya a ranta muku daga asusu.