Tiger Woods, zakaran wasan golf

A 1975 aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, inda Kantu na Maradi ya kada kowa. A ƙarshen wannan shekara, ran 30 ga Disamba, aka haifi wani yaro a Kaliforniya ta ƙasar Amurka wanda shi ma zai gagari abokan karawarsa, amma a wani wasa da ba a saba gani ba a Sabon Gari ko Tibiri. Sunansa Eldrick Woods, ana ce masa Tiger, wato damisa.

Golf wasa ne na sanda da ƙaramin ƙwallo. Fili yana da ramuka 18, mai wasa kuwa yana bugun ƙwallo har ya faɗa kowane rami. Wanda ya gama da bugu mafi kaɗan shi ne ya ci. A babbar gasa kwana huɗu ake yi, ramuka 72 ke nan.

Wasan ya daɗe yana hannun masu kuɗi da fararen fata. Har 1961 dokar ƙungiyar ƙwararrun ƴan golf ta Amurka ta hana baƙar fata shiga cikinta. A filin Augusta, inda ake gasar Masters, baƙi ɗaukar jakar sanduna suke yi wa masu wasa. Sai a 1975 baƙin mutum na farko, Lee Elder, ya buga wannan gasa.

Uban Tiger, Earl Woods, baƙin Ba'amurke ne, tsohon hafsan soja da ya yi yaƙin Biyetnam. Uwarsa Kultida ƴar ƙasar Tailan ce. Uban ne ya damƙa masa sanda tun bai kai shekara biyu ba, ya kuma hore shi horon bariki: yakan yi tari ko ya yar da jaka daidai lokacin da yaron zai yi bugu, don ya koyi tsai da hankali.

A 1996 ya mai da golf sana'a. A watan Afrilu na 1997, yana da shekara 21, ya ci Masters a wannan fili na Augusta, ya tsere wa na biyu da bugu 12. Aka sanya masa koren kwat, wanda a can yake daidai da takobin ƴan kokowa. A 2000 ya ci gasar Amurka da ratar bugu 15, kuma daga nan zuwa Afrilun 2001 manyan kofuna huɗu na duniya suka taru a hannunsa lokaci guda. Gaba ɗaya ya yi mako 683 yana na ɗaya a duniya.

Uban ya rasu a 2006. Bayan shekara biyu Tiger ya sake cin gasar Amurka da tsagewar ƙashi a ƙafa da tsinkakkiyar jijiya a gwiwa. Jarunta ce, amma jiki ya biya bashinta daga baya.

A 2009 asirin neman matansa ya tonu, aurensa ya mutu a 2010, wasu kamfanoni suka janye tallarsu. Sannan ciwon baya ya kwantar da shi, aka yi masa aiki har sau huɗu zuwa 2017. A wannan shekara ƴan sanda suka tarar da shi yana barci cikin mota a bakin hanya, magungunan ciwo sun bugar da shi. Sunansa ya faɗo ƙasa da mutum dubu a jerin ƴan wasa, mutane da yawa suka ce ya ƙare.

Ran 14 ga Afrilu 2019, yana da shekara 43, ya sake cin Masters. Wannan ne babban kofinsa na 15, bayan shekara 11 bai ɗauki ko ɗaya ba. Jack Nicklaus kaɗai ya fi shi, da 18. A watan Oktoba ya ci wata gasa a Japan, nasararsa ta 82 a jerin gasannin Amurka, ya kamo Sam Snead.

A Fabrairun 2021 motarsa ta kife kusa da Los Angeles, ƙafarsa ta dama ta karye a wurare da dama. Likitoci suka haɗa ta da ƙarfe. Bayan wata 14 ya koma Augusta yana ɗingishi, ya taka dukan ramukan 72, ya zo na 47.