Tuna baya a karkarar Kanada: waƙoƙin suna nan, kasuwannin sun watse

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A yammacin ƙasar Kanada akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da ya ratsa jihohi 3, wato Manitoba, Saskatchewan da Alberta, inda gonakin alkama suke iyakar ganin ido. Dattawan yankin da suka yi samartaka a shekarun 1960 da 1970, har yau in aka sa waƙoƙin rok na wancan zamani a radiyo sai jikinsu ya yi sanyi. Mu da sana'armu ita ce zaɓar wa jama'a waƙa mun san cewa mai roƙon tsohuwar waƙa garinsu yake tunawa da mutanen cikinsa. To, wane irin gari ne waɗannan bayin Allah suke kewa?

Alkama da jirgin ƙasa ne suka kafa ƙananan garuruwan yankin. Kusan kowane kilomita 15 a kan layin dogo akwai tasha, domin manomi ya iya kai hatsinsa a keken doki ya koma gida a yini ɗaya. A bakin kowace tasha akwai dogon rumbu na katako, da sunan garin a rubuce a jikinsa, inda ake auna alkama a biya mai ita sannan a loda wa jirgi. A shekarun 1930 irin waɗannan rumbuna sun fi 5,000. Duk inda manomi ya karɓi kuɗi kuwa nan yake kashe su, shi ya sa kanti, banki, mahauta, makanikai da gidan abinci suka kewaye rumbun. Daren Asabar shi ne kamar ranar kasuwarsu. Kantuna ba su rufewa da wuri, iyalai su shigo daga gonaki su yi cefane, a gaisa, a ji labarin farashi.

Samari da ƴan mata kuma radiyo ne abokin hirarsu, musamman lokacin sanyi da ƙanƙara ke rufe hanyoyi. Tun 1954 ƙaramin radiyo mai batir ya shiga kasuwa, kowa na iya shiga da nasa ɗaki. Da rana sai tashoshin kusa, amma in dare ya yi muryar radiyo mai matsakaicin zango takan bugi wani sashe na sararin sama ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Kamar dai yadda mutanen Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna kama Rediyon Kaduna, haka yaran gonakin nan suke kama WLS ta Chicago da KOMA ta Oklahoma a Amurka, ban da CKY da CKRC na birnin Winnipeg.

Daga saurare sai wasu suka ɗauki jita. Ƙungiyar mawaƙa ta The Guess Who a Winnipeg ta taso, kuma a 1969 ta fitar da faifai mai suna Wheatfield Soul, sunan da ke nuni ga gonakin alkama. A 1970 waƙarta American Woman ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Randy Bachman, makaɗin jitarsu, ya bar su ya kafa Bachman-Turner Overdrive, wadda ita ma ta kai matsayi na ɗaya a 1974. Neil Young ya yi samartakarsa a Winnipeg, Joni Mitchell kuma ta girma a Saskatchewan. Bugu da ƙari, a 1971 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta wajabta wa gidajen radiyo masu matsakaicin zango cewa kashi 30 cikin 100 na waƙoƙin da suke sakawa su zama na ƴan ƙasa, abin da ya buɗe wa mawaƙan gida kasuwa.

To amma a daidai lokacin da kiɗan ke tashe, garuruwan sun fara ramewa. Manyan injunan noma sun sa mutum ɗaya yana nome abin da gidaje da yawa suke nomewa a da. A Saskatchewan gonaki sun kai wajen dubu 142 a 1936, amma a ƙidayar 2021 kimanin dubu 34 suka rage. A 1995 gwamnati ta janye tallafin da take bayarwa kan kuɗin dakon hatsi a jirgin ƙasa. Aka rufe ƙananan layukan dogo da dama, kamfanoni suka rushe rumbunan katako, suka gina ƴan ƙalilan manya na siminti nesa da juna. Manomin da ya yi doguwar tafiya da babbar mota ya sayar da alkamarsa, can zai yi sayayyarsa. Sai kanti ya rufe, banki ya tashi, makaranta ta rasa ɗalibai, matasa suka nufi birane.

Ƴan kasuwa da mata masu sana'a ba su buƙatar dogon bayani a nan, domin sun san abin da ke samun mai tuwo da mai tebur in tashar mota ta ƙaura ko sabuwar hanya ta kauce wa gari. Saboda haka duk lokacin da aka fara maganar sauya wurin tasha, ko wurin tara hatsi da albasa, ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa su sa baki tun kafin a yanke shawara.

A ƙauyen Inglis na Manitoba an bar rumbuna 5 a jere, an mai da su wurin tarihi da baƙi ke zuwa kallo. Waƙoƙin kuwa gidajen radiyo na ci gaba da sa su, sai dai da yawa daga masu sauraron yanzu a birni suke jin su.