HANNUN MUBAYA'A DA HANNUN JINYA

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, ku sani hannu yana da aiki biyu cikin sha'anin addini: da shi a kan ƙulla alkawari, da shi kuma a kan shafi majinyaci. Kowannensu yana da asali, yana kuwa da iyaka.

Amma na alkawari, mu dubi Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, inda Sahabbai wajen 1,400 suka yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, mubaya'a ƙarƙashin wata itaciya. Sayyidina Usmanu kuwa an aike shi Makka, sai Annabi ya ɗora hannunsa ɗaya bisa ɗayan a madadinsa. Bisa wannan sunna jama'a suka yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a a Gudu cikin 1804, ƙanensa Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Haka nan muridi kan sa hannunsa cikin na muƙaddami ran da zai karɓi wuridi, watau ya shiga silsila.

Amma na jinya, Imamu Muslim ya ruwaito cewa Usmanu ɗan Abul Asi ya kai kukan wani ciwo, sai Annabi ya umurce shi ya ɗora hannunsa inda ke masa zafi, ya ambaci sunan Allah sau 3, sa'an nan ya nemi tsarinSa sau 7. Ku lura fa, hannun majinyacin ne da kansa, ba a kuwa karɓi ko anini ba.

Saura iyaka. Matan da suka zo mubaya'a, da baki Annabi ya karɓi alkawarinsu, hannunsa bai taɓa nasu ba. To, ina hujjar mutumin da ke kulle ɗaki da matar wani ko 'yarsa, yana shafa ta da sunan ruƙiyya? Magidanta su farka, kada su bar iyalinsu su kaɗaita da kowa domin neman tofi. Wanda kuma ya ce waraka a tafinsa take, sai an kawo rago, ku guje shi. Hannu sababi ne kurum, Mai warkarwa Allah ne, zuwa asibiti kuwa ba ya warware tawakkali.

Allah Ya ba majinyatanmu sauƙi, Ya kiyaye mana alkawarinmu, amin. Haza wasalamu.