Sauya asusun ritaya a Amurka: A biya haraji yanzu ko sai an tsufa?

Miliyoyin ma'aikata a Amurka suna tara kuɗin ritaya a asusu iri biyu. A na gargajiya, kamar IRA ko 401k, galibi ba a biyan haraji lokacin zuba kuɗi, sai ranar da aka fara ɗiba. A asusun Roth kuwa, ana biyan harajin tun farko, daga nan kuɗin da ribarsu su zama na mai su idan ya cika sharuɗɗa.

Dokar haraji ta 1997 ce ta samar da Roth, wanda ya samo sunansa daga Sanata William Roth na jihar Delaware. A da, mai samun fiye da dala 100,000 a shekara ba ya da damar mayar da kuɗinsa can, amma an ɗage wannan shinge a 2010.

Yadda ake lissafi

Hukumar haraji ta IRS tana ɗaukar kuɗin da aka sauya a matsayin kuɗin shigar mutum na wannan shekarar. Harajin tarayya yana farawa daga kashi 10 cikin 100 har zuwa 37, don haka kwashe komai a lokaci guda na iya cilla mutum zuwa mataki mai tsada. Shi ya sa wasu ke rarraba sauyin cikin shekaru, musamman bayan barin aiki, lokacin da abin da ke shigowa ya ragu.

Haka kuma mutum ba zai zaɓi kuɗin da ya riga ya biya wa haraji kaɗai ya sauya ba. IRS tana haɗa asusun IRA na gargajiya duka wuri guda. Misali, mai dala 100,000, wadda 10,000 kawai aka biya wa haraji, idan ya sauya 10,000, sai ya biya haraji kan 9,000.

Ba gudu, ba ja da baya

Kafin 2018, wanda ya sauya sai kasuwa ta faɗi yana iya warware sauyin. Dokar harajin da Donald Trump ya sanya wa hannu a Disambar 2017 ta rufe wannan ƙofa. Yanzu ko darajar hannayen jarin ta zube, harajin yana nan kan darajarsu ta ranar sauyi.

Kowane sauyi kuma yana da wa'adin shekara biyar, daga 1 ga Janairun shekarar da aka yi shi. Wanda bai kai shekara 59 da rabi ba, idan ya taɓa kuɗin kafin wa'adin, yawanci zai biya tarar kashi 10 cikin 100.

Wa zai amfana?

Mai asusun gargajiya dole ya fara ɗibar wani kaso duk shekara idan ya kai 73, amma ba a tilasta wa mai Roth. Sauyin ya fi yi wa wanda ke sa ran harajinsa zai ƙaru nan gaba rana, musamman idan yana da wasu kuɗi a gefe na biyan harajin. Wanda samunsa zai ragu a tsufa kuwa, yana iya biyan mai tsada yau don gudun mai araha gobe.