Kwali Ɗaya Na Littattafai A Cikin Kaya

Yaranmu da aka haifa a Kwatano, Kumasi ko Yawunde suna jin Hausa sarai, amma ka miƙa musu takardar Hausa, sai su kama in'ina. Ba laifinsu ba ne. A makaranta Faransanci ne ko Turanci, a gida kuma in ka cire Alƙur'ani da allo, babu wani abin karantawa.

Ni dai duk sanda na je sari Kano, sai na cusa littafi biyu ko uku cikin kaya. Na fara da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, na Abubakar Imam, waɗanda ake karantawa tun shekarun 1930, sannan Iliya Ɗan Maiƙarfi. Kwalin taliya ne ɗakin karatunmu, yana ƙasa inda hannun auta zai kai. Bayan Isha'i babbar 'yata takan karanta shafi biyu, muna gyara mata ƙ da ɗ da ɓ, tunda ba a koya musu su a aji.

'Yan uwa, littattafan nan duka ba su kai kuɗin turmin atamfa ɗaya ba. Sari na gaba, a bar musu gurbi cikin kaya.