Makarantar Gwamnati Da Ƙofar Kasuwa: Wa Zai Koyar Da Sana'ar?

A cikin 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta yi shelar cewa ta sake fasalin darussan makarantun firamare da na sakandare a Nijeriya. An rage yawan fannonin da ake ɗora wa yaro, aka kuma tsayar da sana'o'i shida waɗanda ɗalibi zai zaɓi ɗaya daga cikinsu, wato haɗa wutar sola, da ɗinki, da kiwo, da noman lambu da na abinci, da gyaran waya da kwamfuta, da kuma kwalliya. Niyyar kam ba ta da aibi, domin babu uban da zai ƙi ɗansa ya fito daga makaranta da abin yi a hannunsa. Sai dai duk wanda ya ba shekara hamsin baya a ƙasar nan ya taɓa jin irin wannan shela, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Saboda haka ya kamata mu waiwaya mu ga inda aka yi tuntuɓe a baya, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun ranar da boko ya shigo ƙasar Hausa ake wannan magana. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909 tana da sashen koyon sana'a, inda ake koyar da aikin kafinta da ƙira da dukanci, kuma da Hausa ake karatun. Amma abin da Turawa da En'e suka fi bukata a lokacin shi ne akawu da malamin makaranta da malamin haraji. Da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, daga cikinta manyan ma'aikata suka fito, har da Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansu. Jama'a kuwa ba makafi ba ne. Sun ga wanda ya riƙe alƙalami shi ne ya hau doki, daga baya ya shiga mota, sai kowa ya yanke wa kansa hukunci cewa amfanin boko shi ne a zauna a ofis. Wannan ra'ayi ya girme mu duka, yana nan da ransa har yau.

Yunƙuri mafi girma da aka yi don a kawar da shi ya faro daga babban taron tsara manhaja da aka yi a Ikko cikin 1969. A wurin taron aka yi kuka cewa ilmin da Turawa suka bar mana na haddace littafi ne da neman satifiket. Cikin 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da U.P.E., yara suka kwararo fiye da yadda aka yi lissafi, har aka riƙa karatu a gindin bishiya. Cikin 1977 aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. A 1982, lokacin da 'yan U.P.E. na farko suka gama firamare, aka fara aiki da shi.

Mai karatu ya lura da hikimar da ke cikin tsarin, domin a takarda ba shi da makusa. An raba sakandare gida biyu ne don yaro ya ɗanɗani aikin katako da na ƙarfe da na lantarki da zanen gini da noma a shekara ukun farko. In ya gama, a duba inda basirarsa ta karkata: wani ya zarce babbar sakandare, wani ya tafi kwalejin fasaha, wani kuma ya shiga koyon sana'a wurin gwani, ba tare da an ce ya fāɗi ba. Gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari da Cekosulobakiya, aka rarraba wa makarantu.

To, me ya faru? Injunan suka iso makarantun da ba su da lantarki, wasu ma ba su da ɗakin da za a girka su. Akwatuna suka yi shekaru a baranda ko a ɗakin ajiya ba a ɓalle su ba, gara ta ci katakon, tsatsa ta ci ƙarfen, abin da ya yi saura ɓarayi suka yi gaba da shi. Ga shi kuma a daidai wannan lokaci farashin man fetur ya karye, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya biyo baya. Amma ko da kuɗi sun wadata, akwai giɓin da ya fi wannan girma, shi ne rashin malami. An ɗauki mutumin da bai taɓa riƙe zarto ba aka ce ya koyar da kafinta. Ya yi iyakar abin da zai iya, ya zana zarto a allo, yara suka kwafa a littafi, suka haddace sunayen sassansa da Turanci, suka ci jarrabawa. Ɗalibi ya fito da sakamako mai kyau a fannin lantarki, in ƙwai ya mutu a ɗakin uwarsa sai an kira wani.

Aka sake gwadawa. Shirin ilmin bai-ɗaya na U.B.E. da aka ƙaddamar a Sakkwato cikin 1999, aka yi masa doka a 2004, ya haɗe firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara na tilas. Cikin 2011 aka shigar da sana'o'i 34 a manhajar babbar sakandare, aka ce lalle kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. Shugabannin makarantu kuwa suka dubi halin da suke ciki, da yawansu suka zaɓi fannonin da alli da allo suka ishe su, kamar darasin tallata haja, ko kiwon dabbobi a makarantar da ba ta da ko akuya. Ban ga laifinsu ba sosai. Wanda aka ba umarni ba a ba shi kayan aiki ba, dabara ce kaɗai ta rage masa.

Kada a ce makarantar gwamnati ba ta gyaruwa, domin an taɓa gyara ta a gabanmu. A 1977 Jihar Kano ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, sai ta kafa hukuma ta musamman da makarantun kimiyya guda biyu, a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka tace ɗalibai da jarrabawa, aka gina ɗakunan gwaji aka zuba musu kaya, aka nemo ƙwararrun malamai har daga ƙasashen waje. Yau da wuya ka shiga babban asibiti a Kano ko Jigawa ba ka tarar da tsohon ɗalibin Dawaki ba. Manhajarsu ita ce ta sauran makarantu. Abin da ya bambanta su shi ne an fara tanadin malami da kayan aiki kafin a tara yara.

Yanzu sai mu juya ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, domin malamin da Ma'aikatar Ilmi ta yi shekara arba'in tana nema yana zaune a cikinku. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna zai ga maƙera da masu walda suna ƙera injin niƙa da na sussuka da tukwane daga ƙarfen da wani ya yar. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano samari na kwance wayar da aka ƙera a Sin su ɗinke ta, galibinsu ba a aji suka koya ba. Haka teloli, haka makanikai, haka marina na Ƙofar Mata, haka matan da ke ɗinkin hula da saƙa da haɗa sabulu a cikin gidajensu. Hanyar koyarwarsu ɗaya ce tun kaka da kakanni: uba ya kai yaro ya damƙa amana, yaro ya fara da shara da miƙa sifana, ya kai ga kwance noti, ya kai ga sauke inji, bayan shekaru maigida ya yaye shi, in da hali ya haɗa masa kayan aiki. Ido na gani, hannu na taɓawa, kuskure kuwa nan take ake gyara shi, domin motar mutane ce a gabansa.

Ita ma wannan hanya tana da nata raunin, kada mu rufe ido. Yaron gareji sau da yawa ya san yadda ake yi, bai san dalili ba, in an kawo motar zamani wadda sai an jona mata na'ura ta faɗi ciwonta, sai ya tsaya cirko-cirko don ba ya iya karanta abin da ta rubuta. Wani ya ƙware a ɗinki, amma bai iya raba uwar kuɗi da riba ba, bai rubuta bashi, ƙarshen shekara ko zakkar dukiyarsa ba zai iya lissafawa ba sai ya nemi wani. Akwai kuma iyayen gida marasa tsoron Allah masu mai da yaro ɗan aike shekara biyar ba su nuna masa komai ba. Bugu da ƙari, ba shi da wata takarda da zai nuna in ana ba da kwangila. Abin da kasuwa ta rasa, wato karatu da rubutu da lissafi da sanin ka'ida, shi ne ainihin abin da makaranta ta iya in ta tsaya a kan aikinta.

Jamusawa sun daɗe da ɗaura auren nan. A ƙasarsu matashi mai koyon sana'a yana yin kwana uku ko huɗu na mako a masana'anta ko shago, kwana ɗaya ko biyu a makarantar gwamnati, har shekara biyu zuwa uku da rabi, ana kuma biyansa ɗan alawus. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a su ne ke yi masa jarrabawar ƙarshe su ba shi shaida. Abin mamaki, dokar da ta daidaita wannan tsari a Jamus ta Yamma an yi ta ne a 1969, shekarar da mu muke taronmu a Ikko. Mu muka tafi sayen injuna, su suka rubuta haƙƙin maigida da na yaronsa.

Ba sai mun kwaikwayi Jamus ƙafa da ƙafa ba, masana'antunmu ba su kai nasu ba. Amma me zai hana ƙaramar hukuma ta yi rajistar amintattun masu sana'a da ke kewaye da kowace sakandare, ɗalibi ya riƙa zuwa wurinsu kwana biyu a mako, da littafin da maigida zai sa hannu, malamin makaranta kuma ya riƙa leƙawa? 'Yan mata a haɗa su da mata masu sana'a a unguwarsu, yadda hankalin iyaye zai kwanta. Maigida a ba shi ɗan hasafi, wanda aka samu yana cutar yara a soke sunansa. Kuɗin wannan bai kai na jirgin ruwa ɗaya na injuna ba. An ma fara ɗan taɓa irinsa, domin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta shiga hulɗa da mutanen Panteka don a gwada gwanintarsu a ba su takardar shaida, a ƙarƙashin tsarin da Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa ke kula da shi, ita ma hukumar an kafa ta a 1977, hedkwatarta na Kaduna.

Ma'aikatan gwamnati kuma nasu nauyin ya fi na kowa, don su ke rubuta kasafi, su ke ɗaukar aiki. Sayen inji yana da daɗin rubutawa, saboda kwangila ce babba, ana yanka kintinkiri a ɗauki hoto. Amma abin da ke raya ɗakin koyon sana'a ƙananan abubuwa ne masu ƙarewa kullum: katako, ƙusa, zare, dalma, waya, man inji. In ba a ware musu kuɗi kowane zango ba, ɗakin zai koma wurin ajiye karyayyun kujeru. Sannan ga batun daraja. Shekara da shekaru mai babbar difiloma daga kwalejin fasaha yana ganin an yi masa iyaka a matakan aikin gwamnati, mai digiri ya wuce shi ko da tare suka fara. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Uban da ke kallon wannan, da wane baki za a ce masa ya tura ɗansa kwalejin fasaha? Mu kanmu masu wa'azin sana'a, 'ya'yan wa muke nufi, namu ko na maƙwabta?

Sana'o'i shidan nan na 2025 an zaɓe su da hankali, kowace tana da kasuwa a garuruwanmu, musamman sola, ganin yadda faranti ya hau rufin gidaje da shaguna da masallatai. Amma farantin sola da batir da inbata kuɗi ne, kuma wutar da ke cikinsu tana kisa in an yi ganganci, ba abin da za a koya daga zane a allo ba ne. Duk uban da ya halarci taron iyaye da malamai na wannan zango, yana da haƙƙin ya miƙe cikin ladabi ya tambayi shugaban makaranta wace sana'a aka zaɓa wa yara, wane ne zai koyar da ita, ya taɓa cin abinci da ita ko kuwa, kuma a nuna wa iyaye ɗakin da kayan suke.