Daga Mabera zuwa Falgore: aikin da ba a buga wa ganga

Wanda ya taso daga Kano ya nufi kudu, in ya ratsa ƙasar Bebeji ya iso Kwanar Dangora, zai ga titi ya rabu biyu. Ɗaya ya miƙe Zariya, ɗaya ya karkata Tudun Wada, ya keta dajin Falgore zuwa Doguwa, ya zarce Jos. A kan wannan titi na Zariya, daf da birnin Kano, 'yan bindiga suka ɗauke wani injiniya Bajamushe, Edgar Raupach, ma'aikacin kamfanin Dantata & Sawoe, ranar 26 ga Janairu 2012. Kwana shida ke nan bayan harin 20 ga wata, wanda ya ci rayuka sama da 180 a Kano. A watan Maris Alƙa'ida reshen Magrib ta fitar da bidiyonsa, tana neman a saki wata mata da ke kurkuku a Jamus. Ranar 31 ga Mayu sojoji suka kai samame wani gida a Danbare. Gawar Raupach suka fito da ita.

Kafin wannan an riga an sha irin ɗacin a Sakkwato. Chris McManus ɗan Birtaniya da Franco Lamolinara ɗan Italiya injiniyoyi ne da ke aikin ginin reshen Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kabi. An sace su a watan Mayun 2011, aka yi wata goma ana laluben inda suke. Bakin zaren ya fito ne daga Zariya, inda jami'an tsaron farin kaya suka kama wani Abu Muhammad, ubangidan masu garkuwar, da mutanensa. Amma kamun da ya nuna gidan da ake tsare da su a unguwar Mabera ta Sakkwato shi ne kuma ya ƙure lokaci, domin da zarar masu gadin suka ji shiru daga ubangidansu, sun san ta ɓaci. Sai aka afka gidan da rana tsaka, ranar 8 ga Maris 2012, dakarun Nijeriya da zaratan sojojin ruwa na Birtaniya, bisa amincewar Firayim Minista David Cameron. Aka yi sa'o'i ana musayar wuta, jama'ar unguwa na kallo daga nesa. Masu gadin suka harbe mutanen biyu kafin a kai gare su. Shugaban Italiya Giorgio Napolitano ya fito fili ya nuna fushinsa, don ba a sanar da ƙasarsa ba sai da aiki ya kankama.

Ba na zargin jami'in da ya tsaya a ƙofar gidan nan da ransa a tafin hannu. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke auna irin wannan aiki da yawan gawawwakin 'yan ta'adda. A Mabera da Danbare an kashe masu garkuwa, an rama, amma waɗanda aka je ceto ba su koma gida ba. A gwada da Khalid al-Barnawi, jigon ƙungiyar Ansaru, wanda Amurka ta sa a jerin 'yan ta'adda tun 2012. Shekaru aka yi ana bin sawunsa, har aka kama shi da rai a Lokoja a watan Afrilun 2016, aka gurfanar da shi a kotu a Abuja. Wanda aka kama da rai ana iya yi masa tambayoyi, ya faɗi hanyar kuɗi da ta makamai.

Wannan magana ta fi shafar mutanen kudancin Kano. Falgore ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma yana haɗe da dazukan Bauchi da Kaduna. A 2015 ɓarayin shanu da masu satar mutane sun mai da shi mafaka, har gwamnatin Ganduje ta tashi musu tsaye. A 2017, zamanin Janar Buratai, sojoji suka yi atisayen Harbin Kunama na biyu a can, dajin ya zama filin horar da su. Sai dai soja baƙo ne a daji, kuma da ɗan gari akan ci gari. Makiyayi ne ya san sabuwar rugar da ba ta da shanu. Mai sayar da fetur a galan ya san wanda ya sayi abin da ya fi ƙarfin babur ɗaya, mai burodi kuma ya lura da wanda ke kwashe tire guda kullum ya nufi daji.

Su ma miyagun suna da nasu 'yan leƙen asirin, waɗanda jama'a ke kira infoma. Shi ya sa talaka ke kame bakinsa: ya kai rahoto da safe, kafin magariba sunansa ya isa daji. Hakimai da dagatai da masu unguwanni na da hanyar isar da saƙo ba tare da an fallasa mai shi ba. Ya kamata hukumomin tsaro su riƙe wannan hanya da muhimmanci, kuma duk jami'in da aka samu ya tona sunan wanda ya kawo rahoto, a gurfanar da shi a kotu tare da waɗanda ya kai wa sunan.